Shin Wasanni Na Hana Ɗalibai Shaye-shaye? Amsa Ga Wani Malamin Sakandare

Tambayar ta zo ne daga wani malami da ke koyar da darasin motsa jiki a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo. A taƙaice, ya ce an kama wasu 'yan aji biyar da ƙwayoyi a bayan ajujuwa, sai ƙungiyar iyaye da malamai ta rabu gida biyu. Wasu na son a sayo kayan gwajin fitsari a riƙa gwada yara, duk wanda aka samu da laifi a kore shi. Shi kuwa yana son a kashe kuɗin wajen gyara filin makaranta, a dawo da wasannin yamma da aka yi shekaru da dainawa. An ce masa ya zo da hujja a zama na gaba. Shi ne yake tambaya ko da gaske bincike ya nuna wasanni na raba ɗalibi da shaye-shaye.

Malam, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya neman hujja kafin ka koma zauren taron. Aikina ya shafi binciken lafiyar matasa 'yan makaranta, kuma zan gaya maka tun daga farko cewa ra'ayinka ya fi na masu gwaji da kora kusa da abin da bincike ya nuna. Sai dai hujjar da nake jin kana shirin kaiwa ba za ta tsaya ba. Idan ka ce wa iyaye gudu da zufa su ne ke hana shan ƙwaya, duk wanda ya taɓa zama da leburori ko 'yan acaɓa ko masu ƙwadagon noma zai kayar da kai nan take. Babu wanda ya kai su motsa jiki, kuma a cikinsu ne taramol ta fi samun kasuwa, domin da yawa saboda aikin ƙarfin suke shanta. Abin da ke kare yaro shi ne tsarin da ke kewaye da wasan: lokaci ƙayyadadde, babban mutum mai kula da shi, abokai da aka san su, da iyayen da suka san inda ɗansu yake. Zan bi maka yadda aka gano haka.

A 2014 wasu masu bincike a Kanada suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi ta hanyar bin matasa shekara da shekaru, ana duba masu wasanni da marasa yi. Sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki. A mafi yawan nazarce-nazarcen, matasan da ke wasanni sun fi sauran shan giya. A ɗaya ɓangaren kuma sun fi sauran nisantar miyagun ƙwayoyi masu ƙarfi, musamman a shekarun sakandare. Game da wiwi sakamakon ya rabu, wasu sun ga raguwa, wasu ba su ga komai ba. Galibin waɗannan nazarce-nazarce a Amurka aka yi su, inda bikin cin wasa da giya suke tafiya tare, don haka ba za a ɗauko lamarin giyar a ɗora wa yaranmu kai tsaye ba. Darasin da ke ciki dai ya shafe mu: ƙungiyar wasa tana koya wa yaro ɗabi'ar da ta tarar a cikinta. Idan manyan ƙungiyar masu kame kai ne, ya koyi kame kai. Idan masu haɗiyar ƙwaya ne kafin a shiga fili, ita zai koya, kuma da sauri fiye da yadda zai koya a zaune a gida.

Akwai wani binciken na Jami'ar Mishigan da ya fi kusa da halin da muke ciki. An buga shi a 2013, kuma ya gano cewa 'yan sakandaren da ke wasannin da ake yawan jin rauni, wato kokawa da ƙwallon Amurka, sun fi sauran faɗawa shan magungunan kashe zafi masu sa maye ba tare da umarnin likita ba. Hanyar a bayyane take. Yaro ya gurɗe, yana tsoron a cire shi daga jerin masu buga wasa, wani ya miƙo masa abin da zai ɗauke zafin. A wurinmu wannan abin taramol ce. Magani ne na gaske, likita na rubuta shi, kuma a ƙa'ida babba ba ya wuce miligiram 400 a yini. Wadda ke yawo a hannun masu talla sau da yawa mai 200 ce ko 225 a ƙwaya ɗaya, alhali wadda aka amince da ita a asibiti ba ta kai haka ba. Yaro ya haɗiyi biyu ya riga ya kai iyaka ko ya zarce. Abin da nake tsoro a kanta, bayan kama jiki da take yi, shi ne tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Duniyar wasanni ma ta gane haka: hukumar tseren keke ta duniya ta hana ta a 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayar ƙara kuzari ta duniya kuma ta sa ta cikin haramtattu lokacin gasa daga farkon 2024. Don haka, Malam, idan ka dawo da ƙwallo ba ka sa ido kan abin da yara ke haɗiya kafin wasa ba, kana iya buɗe wa matsalar wata ƙofar da hannunka.

Sai kuma wata matsala da duk mai karanta irin wannan bincike ya kamata ya riƙe. Mafi yawansu tambayoyi ne da aka yi wa ɗalibai a lokaci guda: kana wasa? kana sha? Sai a ga masu wasa sun fi ƙarancin shan taba, a rubuta cewa wasa na hana shan taba. Amma yaron da ya fara zuƙar sigari ko shisha numfashinsa ne ke fara gazawa, sai ya bar fili da kansa. Ke nan shan ne ya kore shi daga wasa. Ga kuma abu na uku da ke iya haifar da duka biyun: yaron da mahaifinsa ke saya masa takalmin ƙwallo yana zuwa kallonsa, galibi shi ne wanda ake tambayarsa ina ya je da dare. Wanda ya ga lema ta yawaita ranar da ake ruwa ba zai ce lema ce ta kawo ruwan ba. Haka ake karanta waɗannan alƙaluma.

Wannan ba ya nufin motsa jiki ba shi da nasa amfanin kai tsaye. An gwada an gani cewa 'yar tafiya mai sauri ta mintuna kaɗan tana rage wa mai shan taba ƙishirwar sigari na ɗan lokaci, ko da yake ba a tabbatar tana sa mutum ya daina gaba ɗaya ba. An kuma tabbatar motsa jiki na rage damuwa da ƙuncin rai, yana gyara barci, kuma waɗannan biyun suna cikin manyan abubuwan da ke tura matashi neman abin da zai gusar masa da tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu kimanin minti 60 kullum na motsin da ke sa numfashi ya ɗaga. A 2019 masananta suka fitar da nazari kan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, suka ga kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa wannan ma'auni, 'yan mata kashi 85, samari kashi 78. Ko da babu maganar ƙwaya, wannan kaɗai ya isa hujjar gyara fili.

Inda nake so ka fi tsayawa shi ne labarin Aislan, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, domin ita ce misalin da aka fi ambata a wannan fanni, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 16 a ƙasar sun ce sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata. Kashi 23 suna shan taba kullum, kashi 17 sun taɓa shan wiwi. Zuwa 2016 buguwa ta sauko zuwa kashi 5, taba zuwa kashi 3, wiwi zuwa kashi 7. Mutane kan taƙaita labarin da cewa sun gina filayen wasa. Sun gina, amma ba daga nan suka fara ba. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Inga Dóra Sigfúsdóttir sun fara ne da raba wa ɗalibai takardar tambayoyi wadda ba a rubuta suna, a kusan kowace makaranta, suna maimaitawa a kai a kai. Ba shaye-shaye kaɗai suke tambaya ba. Suna tambayar sau nawa yaro ke zama da iyayensa a mako, ko iyayen sun san abokansa, ƙarfe nawa yake komawa gida, me yake yi bayan an tashi daga makaranta. Daga amsoshin suka ga abubuwan da suka bambanta masu sha da marasa sha, suka mayar wa kowace unguwa sakamakonta cikin 'yan watanni, tun malamai da iyaye na iya yin wani abu a kai.

Sannan aka ɗauki matakai tare. Aka hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, giya kuma sai ɗan shekara 20, aka hana tallarsu. Aka kafa dokar cewa ɗan shekara 13 zuwa 16 ba zai kasance a waje shi kaɗai bayan ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi ba, ko bayan 12 a lokacin zafi. Iyaye suka riƙa sa hannu kan yarjejeniya a tsakaninsu, wasu ma suna zagaya unguwa da dare. Birnin Reykjavik ya riƙa ba kowane yaro tallafin kuɗi na shekara don shiga ƙungiyar wasa ko kiɗa ko zane. Tsakanin 1997 da 2012, yawan 'yan shekara 15 zuwa 16 da ke zuwa wasa mai tsari aƙalla sau huɗu a mako ya tashi daga kashi 24 zuwa 42, masu yawan zama da iyayensu a ranakun mako kuma suka ninka, daga kashi 23 zuwa 46.

Ga abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka. Su waɗannan masu bincike sun raba wasa gida biyu: wanda ake yi a ƙungiya mai koci da lokaci da ƙa'ida, da wanda yara ke haɗuwa su yi su kaɗai. Na farkon ya zo da ƙarancin shan giya. Na biyun ya zo da ƙaruwarsa. Motsin jikin ɗaya ne, zufar ɗaya ce, babban mutumin da ke wurin shi ne bambancin. Kai ma ka san ƙwallon layi da ake bugawa a kangon bayan unguwa, wadda in an tashi ake zarcewa majalisa har dare. Wannan wasa ne, amma ba shi nake ba ka shawara a kai ba.

Dole in ƙara da cewa ba a gwada tsarin Aislan ta hanyar da ta fi ƙarfi a kimiyya ba, wato a raba garuruwa da ƙuri'a a yi wa wasu a bar wasu. A shekarun nan shan giya da taba ya ragu a tsakanin matasan ƙasashen Turai da dama da ba su bi tsarin ba, ko da yake raguwar Aislan ta fi tsanani. Ƙasa ce mai arziki wadda mutanenta duka ba su kai rabin miliyan ba. Ba za mu iya kwafar kuɗinsu ba. Abin da za mu iya ɗauka bai da tsada: ka auna yaranka da kanka, ka cika sa'o'in da suke zaman banza, ka jawo iyaye ciki.

Mu dawo gida. Babban ma'aunin da muke da shi a Najeriya shi ne binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar da rahotonsa a farkon 2019. Ya ce kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, kimanin mutum miliyan 14.3, sun yi ta'ammali da wani abin maye a shekarar da ta gabata, ban da giya da taba. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe zafi irin su taramol da miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da miliyan 2.4. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Arewa maso Yamma na da kashi 12, Kano kashi 16, kuma yankin da ya fi kowanne shi ne Kudu maso Yamma da sama da kashi 22. Za ka ji ana ɗauko wannan kashi 14.4 ana cewa na ɗalibai ne. Ba nasu ba ne. Na jama'a ne gaba ɗaya, kuma binciken ya nuna abin ya fi yawa tsakanin 'yan shekara 25 zuwa 39. Haka kuma adadin nan da aka ambata a Majalisar Dattawa a 2017, cewa ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, ka ajiye shi kusa da mutum miliyan 2.4 na ƙasa baki ɗaya a shekara, za ka ga lissafin ya yi wuyar haɗuwa. Matsalar kodin gaskiya ce, ita ta sa gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018 bayan rahoton binciken BBC. Amma ƙara gishiri a alƙaluma yana da illa ta musamman ga yara, domin ɗalibin da ya yarda cewa kowa na sha ya fi saurin gwadawa.

Ka kuma lura da bambancin tambayoyi uku da ake yi a irin wannan bincike: ka taɓa sha a rayuwarka, ka sha a shekarar nan, ka sha a kwana 30 da suka wuce. Jarida kan ɗauki na farko ta buga kamar na uku. Yaron da ya taɓa zuƙar shisha sau ɗaya a wurin biki da wanda ba ya iya shiga aji sai ya haɗiyi ƙwaya ba magani ɗaya suke buƙata ba. Sannan binciken da aka yi a aji ba ya ganin wanda ya gudu ranar, ba ya ganin wanda aka kora, balle miliyoyin yaranmu da ba sa makaranta sam. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne ba sa cikin lissafin.

Yanzu gwajin fitsari. Na fahimci abin da ya sa iyaye ke sonsa: abu ne da ake gani da ido, kuma NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, ma tana ƙarfafa gwaji a manyan makarantu. Amurka ta daɗe da bin wannan hanya, kotun ƙolinta ta halatta gwada ɗalibai 'yan wasa a 1995, ta faɗaɗa izinin a 2002. A 2003 masu gudanar da babban binciken ɗalibai na Jami'ar Mishigan, wanda ake yi duk shekara tun 1975, suka kwatanta makarantun da ke gwaji da waɗanda ba sa yi, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani a yawan masu sha ba. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ba ta goyi bayan gwada ɗalibai barkatai a makaranta ba. Dalilan na aiki ne. Yawancin ƙwayoyi suna barin fitsari cikin 'yan kwanaki, wiwi ce ke daɗewa a jikin mai yawan sha. Sholisho da sauran abin shaƙa ba sa fitowa a gwajin da aka saba. Taramol kanta ba ta fitowa a gwajin da ke kama kodin, sai an sayi nata na musamman. Ke nan yaro mai wayo zai bar abin da ake kamawa ya koma wanda ba a kamawa, wanda wani lokaci ya fi kisa.

Ga kuma kuskuren gwaji. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, kana da ɗalibai 1,000, 950 daga cikinsu ba sa shan komai, kayan gwajin kuma suna kuskure sau 2 cikin 100. Yara 19 ke nan za a kira iyayensu a ce 'ya'yansu 'yan ƙwaya ne alhali ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A ƙa'ida duk sakamakon da ya nuna akwai abu sai an tabbatar da shi a babban ɗakin gwaje-gwaje. Makarantarku na da kuɗin wannan? Idan yarinya ce aka yi wa wannan kuskure, ka san abin da zai biyo baya a unguwa har zuwa maganar aurenta. Gwaji na da wurinsa, a hannun likita, ga yaron da ake yi wa magani kuma ya san ana yi. Kora kuwa, ban ga yadda za ta taimaki yaron ba. An raba shi da wuri ɗaya tilo da manya ke ganinsa kullum, an miƙa shi ga mai sayarwa daga safe har dare.

Wa'azin tsoratarwa ma an gwada shi. Shirin DARE da aka fara a Los Angeles a 1983, inda ɗan sanda ke shiga aji yana gargaɗi, ya bazu a Amurka sosai, amma da aka auna sai aka ga tasirinsa ƙanƙani ne ƙwarai, har aka sauya manhajarsa. Wanda ya fi nuna alamar nasara shi ne irin shirin Unplugged mai darasi 12, wanda malamin aji ke koyarwa. Yana koya wa yaro yadda zai ce a'a ba tare da ya rasa abokai ba, yana kuma gyara masa zaton cewa kowa na sha. An gwada shi a makarantun sakandaren gwamnatin tarayya a Najeriya da tallafin UNODC, ta hanyar raba makarantu da ƙuri'a, kuma an ga raguwa musamman a shan giya. Ka nemi manhajarsa ta ma'aikatar ilimi ko ofishin NDLEA na jiharku.

Da ni ne zan shiga taron nan, abu na farko da zan roƙa shi ne izinin yin tambayoyin sirri ga ɗalibai duka, da sanin iyaye. Ba suna, ba lambar rajista, malamin ajin ya fita, kowa ya ninke takardarsa ya jefa a akwati ɗaya. A rubuta da Hausa da sunayen da yara ke kiran abubuwan, taramol, roci, benelin, wiwi, sholisho, shisha, domin sunan da ke jikin kwali ba shi suka sani ba. A tambayi kwana 30 da suka wuce. A tambayi inda suke tsakanin tashi daga makaranta da magariba, da bayan isha'i, ƙarfe nawa suke barci, ko sun karya kafin su fito, ko akwai babba ɗaya da za su iya kai wa kuka. Masu binciken ɗalibai na Turai suna da wata dabara mai kyau: sukan sa sunan wata ƙwaya da babu ita a duniya cikin jerin, duk wanda ya ce ya sha ta an san yana ƙari ne. Kai ma ka yi haka. Kada kuma a yi amfani da amsoshin wajen farautar kowa. Ranar da aka yi haka sau ɗaya, yara ba za su sake gaya maka gaskiya ba. A maimaita duk shekara a zango ɗaya, ita ce hanyar da za ka san ko abin da kake yi na aiki.

Ƙarfin jiki ma ana auna shi ba da kuɗi ba. Akwai gwajin gudun kai-da-komo na mita 20 da Luc Léger ya ƙirƙiro a Kanada, wanda ake bin sautin ƙararrawa da ke ƙara sauri. Wayarka da igiyar awo sun isa. Ka yi a farkon shekara da ƙarshenta, kowane yaro ya ga nasa ci gaban. Kafin nan ka san masu sikila da masu asma da masu ciwon zuciya a cikinsu, ka tanadi ruwan sha, ka guji tsakar rana a watannin bazara, ka sassauta lokacin azumi.

Wasan kansa ya zama bayan la'asar, ranaku sanannu, da rajistar masu zuwa, yadda uba zai iya tambaya a ce masa ɗansa ya zo ko bai zo ba. A daidaita da malaman Islamiyya don kada lokutan su yi karo, domin Islamiyya ma tana cikin abin da ke cika wa yaro yammacinsa ƙarƙashin idon babba. Kada ya zama na zaratan 'yan ƙwallo goma sha ɗaya kaɗai da ake shiryawa don gasa. Yaron da ba ya iya buga ƙwallo, mai jiki ko mai kunya ko wanda ake tsokana, sau da yawa shi ya fi buƙatar wurin. A sa langa, tsere, ƙwallon raga, kokawa mai ƙa'ida, har da abin da ba wasa ba kamar muhawara da aikin lambu. Duk wanda zai taimaka maka da horarwa ka san halinsa, ka kafa dokar cewa babu mai haɗiyar komai kafin wasa, wanda ya ji rauni kuma ya huta ba tare da ya rasa gurbinsa ba. Wannan doka ta ƙarshe ita ce ke toshe hanyar taramol.

'Yan mata kuma, Malam, kada a bar su a baya kamar yadda aka saba. Su ne suka fi ƙarancin motsa jiki, kuma nasu shaye-shayen a ɓoye yake, a ɗaki, cikin kwalbar lemo, sai ya yi nisa ake ganewa. Iyaye za su yarda idan malama mace ce ke kula da su, a wuri mai katanga, da suturar da ta dace, a kuma tashi da wuri. Tsallen igiya da ƙwallon hannu da wasannin gaɗa ba sa buƙatar babban fili.

Su kuma yaran da aka kama, a zauna da kowannensu shi kaɗai, ba a gaban taron ɗalibai ba. A gano me yake sha, tun yaushe, sau nawa, da kuma abin da ya kai shi. Wanda ya ɗanɗana ne kawai, magana da sa ido da shigar da shi cikin wasannin yamma na iya wadatarwa. Wanda jikinsa ya riga ya saba, ana gane shi da rawar jiki, zufa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci idan bai samu ba, wannan aikin asibiti ne. Kada a tilasta masa yankewa lokaci guda a gida, musamman mai shan magungunan sa barci irin su roci ko diyazefam, domin yankewar gaggawa na iya jawo jijjiga mai haɗari. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ka roƙi iyaye kada su kai shi inda ake ɗaure mutane da mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, ɗaruruwan mutane a tsare, wasu cikin sarƙa, ya isa gargaɗi. A rubuta wa yaron hutun jinya, a ajiye masa kujerarsa, kuma a sanya malami ɗaya da zai riƙa bibiyarsa duk mako bayan ya dawo.